Askin da Na Yi wa Attarugun Surukata

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta farkon damina ba, kuma ko ni na so in manta, matan Unguwar Boro ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga layin surukaina sai wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "A'a, wanzamin attarugu ne? Jama'a, a rufe lambu!" Ni da furfura a gemu, da 'ya'ya sun isa aure. Sai in yi dariyar yaƙe in gaishe ta in wuce, don ba ƙarya ta yi mini ba.

Abin ya faru ne shekarar da soja suka koma bariki aka ba farar hula mulki. Lokacin ina da ɗan shagon aski a unguwar Nasarawa ta Kaduna, kujera biyu da madubi mai tsaga a kusurwa. Shagon ba ya rabuwa da mutane, amma rabinsu ba aski ya kawo su ba, gardamar siyasa ce. Wannan ya ce farar hula ba za su kai labari ba, wancan ya ce shi kansila zai nema nan gaba tunda yanzu kowa ma mutum ne. Ni kuwa ina tsakiya da almakashi, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ina jin duk ƙetaren kogi babu mai hannuna. Kuma tsakani da Allah na iya. Kaina ma talla ne: na tara suma ta yi tsiri, na daidaita samanta ta yi sumul kamar tebur (in zan shiga bas sai na sunkuya sosai don kada rufi ya ɓata mini gyara).

A zatona sumar nan ce ta sa Rifkatu ta kula ni. Daga baya ta gaya mini haƙuri ta yi da ita. Rifkatu mawaƙiya ce a cocinmu, 'yar Baba Bitrus da Mama Saratu na Unguwar Boro. Saboda ita na shiga ƙungiyar mawaƙa da muryata irin ta kwaɗon fadama, har shugabanmu ya ja ni gefe ya roƙe ni don Allah in riƙa motsa baki kawai. Da na sha wuya ta amince, sai magana ta koma gaban iyaye.

Kawu Iliya, ƙanin mahaifiyata, direban tifa, shi ne ubana a Kaduna, shi ya kai gaisuwa. Baba Bitrus tsohon ma'aikacin masaƙa ne, dattijon coci, mutum mai magana ɗaya. In ya ce e, e ce. In ya ce a'a, ko fasto ba ya juya shi. Ya saurari Kawu har ya gama, sa'an nan ya rage muryar rediyonsa ya ce:

"Iliya, ba na ƙin ɗanka. Amma kai ma ka san yadda ake yi a gida. Ni da ka gan ni, sai da na yi wa uban Saratu noma har bayana ya ƙage kafin a ba ni ita. Don muna zaune a Kaduna ba za a ce al'ada ta nutse a kogi ba. Gona dai ba ni da ita a nan, amma akwai lambu a bayan gida. Ya zo ran Asabar ya yi noman surukai, mu ci abinci tare, sa'an nan in ba ku amsa."

A can gida saurayi yakan ɗebi abokansa ne su je su yi wa surukai noma, shi a gaba, a ga ƙarfinsa da haƙurinsa. To lambun Baba ba zai ɗauki gayya ba, ni kaɗai za ni. Ga kuma inda gizo ke saƙa: ni ɗan bariki ne, a Nasarawa aka yanke mini cibiya. Iyakar sanina da noma shi ne in damina ta yi nisa ana gasa masara a bakin titi.

A hanya Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, ka taɓa riƙe fartanya kuwa?"

Na ce, "Haba Kawu! Wanda yake ɗora reza a wuyan mutum, fartanya ce za ta gagare shi?"

Ya ce, "Uhm." Ya sake duban kayana. Sabon wando na sa, irin matsattsen nan da ake yayi lokacin, da farar riga ta sha guga. Wa ya taɓa zuwa noma da farar riga? Ni.

Lambun yana bayan gida, an kewaye shi da tsohon kwano saboda awakin unguwa. Akwai 'yar kuɓewa, da yakuwa, da alayyafo, da gauta. Amma sarautar lambun ta attarugu ce. Layi guda ne a jikin katanga, kowane gindi ya kai mini ƙugu, ya yi kore shar, ga fure fari-fari, ga 'ya'ya reto-reto, wasu kore wasu sun fara ja. Ka tuna farkon damina ne, lokacin da attarugu yake wuyar gani a kasuwa, mutane sai dai su lallaɓa miya da busasshen barkono. Ita Mama duk tsawon rani ta yi renonsu, ruwan wanke-wanke ba ta zubarwa, su take kai wa. Irin ma daga gidan uwarta ta zo da shi tun tana amarya, take ta adana shi shekara da shekaru. Matan Zumunta na coci in suna da biki wurinta suke zuwa roƙon 'yan ƙwayoyi, tana ba su kamar mai ba da magani. 'Ya'yana take ce musu. Rifkatu ta taɓa gaya mini in ita da attarugun suka faɗa rijiya, ba ta da tabbacin wa za a fara cirowa.

Aka ba ni fartanya, Baba da Kawu suka koma gindin mangwaro a ƙofar gida suna gardamar sabuwar gwamnati. Ba zan ja ka da nisa ba. Kafin rana ta yi zafi tafin hannuna ya ɗuri ruwa, na sare kuɓewa a zaton ciyawa ce, na kuma bar ciyawa a zaton kuɓewa ce. Ina cikin haki Mama ta shigo tsinkar yakuwar fate. Ta tsaya ta kalle ni, ta kalli kuɓewarta a kwance.

"Ɗana," ta ce, "ajiye fartanyar nan kafin ka raba kanka da ɗan yatsan ƙafa. Zo in ba ka aiki mai sauƙi."

Ta kai ni gaban attarugun ta durƙusa. "Ka ga waɗannan rassan da ke jan ƙasa? In ruwa ya sauko yakan watsa musu laka, ganyen ya ruɓe, ciwo ya hau sama. Su za ka cire, da duk reshen da ya bushe, iska ta samu hanyar shiga. Na ƙasa kawai. Na sama ka ga fure da 'ya'ya, ko kallon banza kada ka yi musu." Ta miƙo mini 'yar wuƙa.

Sai na yi murmushi irin na wanda aka kira shi fagensa. Na ce, "Mama, ku bar wuƙar nan." Na zaro almakashina daga aljihun riga (mai aski ba ya fita ba almakashi da mataji, ko jana'iza za shi). "Wannan kam aikina ne. Ku je ku huta."

Ta dubi almakashin, ta dube ni, ta dubi sumata. "Na ƙasa kawai," ta sake cewa. Ta ɗauki yakuwarta ta tafi.

Da fari na yi yadda aka ce. Na bi layin kaf, na cire na ƙasa, na cire busassu, gindin kowanne ya fito fes. Da na tsaya a nan, da yau ina cikin masu mutunci a Unguwar Boro. To amma mai aski yana da wani ciwo da ba a maganinsa a asibiti. In ya gama aiki sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya. Na ja da baya, na karkata kai, na rufe ido ɗaya. Sai na hango wani reshe a gindin farko ya yi tsiri shi kaɗai, kamar gashin da ya tsere wa kilifa. Na ce wannan ɗaya dai ba zai zama laifi ba. Ƙyas.

Da na cire shi sai hagu ta fi dama nauyi. Ƙyas, ƙyas. Sai dama ta fi hagu. Ƙyas. Da gindin ya daidaita sai na ga ya fi maƙwabcinsa gajarta, ga shi a layi ɗaya suke, abin ba kyan gani. Nan shaiɗan ya raɗa mini wata shawara: me zai hana ka yi wa layin nan duka irin askinka? Samansu ya yi sumul kamar tebur, Mama ta fito ta ga lambu kamar na gidan gwamna, Baba ya ce yaron nan ko bai iya fartanya ba yana da fasaha. Na nannaɗe hannun riga na shiga aiki, har da fito. Ina ma yi musu magana yadda na saba: "Oga, ɗan sunkuyo. Yawwa. Kada ka motsa."

Ina cikin haka Rifkatu ta shigo da kofin kunu. Ta yi turus.

"Kai! Me kake yi haka?"

"Gyara."

"Mama ta ce na ƙasa kawai. Daga kicin na ji ta."

Na ce, "Rifkatu, kin taɓa ganin na shigo kicin na koya miki dama fate? Kowa da fagensa. Aski ba a yanke masa hukunci sai an gama. Ki bari in ƙarasa ki ga ikon Allah."

Ta ajiye kunun a kan bulo. "To, oga. Ka dai tuna yau Baba zai ba da amsa. Don Allah ka tsaya haka nan." Mama ta ƙwala mata kira, ta fita tana waige.

Lokacin ɓarnar ba ta yi nisa ba, da na ji maganarta da an iya cewa kuskure ne. Amma abin da ban lura da shi ba, ƙasar lambun gangare ce. Kan mutum in ya karkace, haɓa kake kamawa ka miƙar da shi. Attarugu ba shi da haɓa. In na daidaita layin daga wannan gefen, na zaga wancan gefen na duba, sai in ga ya zube kamar rufin da iska ta taɓa. Sai in rage na tudu. In dawo nan, sai in ga na gangare sun yi tsawo. Sai in rage su. Haka na yi ta safa da marwa, almakashi na ci, ni kuma idona na kan layin sama kawai, ban ko dubi abin da ke zuba a ƙasa ba.

Da na ja da baya karo na ƙarshe, na buɗe ido biyu, sai na ga sanduna. Layi guda na sanduna tsirara, kowace ba ta kai gwiwata ba, wata da ɗan ganye ɗaya yana lilo, wata ko shi babu. Kwalkwabo na yi musu. Amma fa sun daidaita, wannan ko maƙiyina ya shaida.

Ƙasa ta cika da rassa da fure da 'ya'ya. Garin neman gira na rasa ido. Na ɗauki wani reshe na kanga shi a jikin gindinsa ko zai tsaya, ya faɗi. A shago in hannu ya zarce sai ka ce wa kwastoma sabon yayi ne daga Legas. A nan wa zan gaya wa haka?

Sai ga muryar Baba daga ƙofar gida: "Ɗana, aiki ya isa haka! Zo a ci abinci."

Kada ka tambaye ni hikimar abin da na yi, don ni ma na sha tambayar kaina. Na kwashi rassan na watsa su bayan katanga. 'Ya'yan da suka warwatsu a ƙasa kuwa, masu ja suna ta ƙyalli kamar suna kiran mai su, na bi na tsince na cusa a aljihu. Na gaba suka cika, na koma na baya. Na ja ƙofar kwano na rufe ruf. Lissafina shi ne, Baba magana ɗaya yake yi. In ya riga ya ce ya ba ni, ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai janye ba. Saboda haka in ci abinci, in karɓi amsa, in ce kwastoma na jirana, in cika wandona da iska. Na manta na riga na cika shi da wani abu.

A falo Baba da Kawu suna kan kujeru, Mama na gefe, Rifkatu ta jera kwanonin faten tsaki yana ta tururi. Suruki ba ya hawa kujera ɗaya da iyaye, saboda haka na durƙusa na gaishe su, na ja 'yar kujerar tsuguno na zauna. Ina zama na ji abu ya yi ɓas-ɓas-ɓas a ƙarƙashina. Na yi tari don a rufe.

Baba ya dube ni da fara'a. "Iliya, ɗanka ya yi aiki. Ga zufa, ga laka a riga."

Mama ta ce, "Ka cire na ƙasan?"

Na ce, "Na cire, Mama." (Ba ƙarya na yi ba. Na ƙasan ma na cire.)

Baba ya ce, "Mu yi addu'a."

To, duk wanda ya san Baba Bitrus ya san in ya ce a yi addu'a, mai hankali yakan gyara zama, don fate sai ya huce kafin a kai Amin. Ranar kuwa ga sabuwar gwamnati a ƙasa, Baba ya ɗauko ta tun daga sama. Ya yi wa shugaba addu'a, ya yi wa gwamna, ya shiga 'yan majalisa, yana roƙon Allah ya hana su abin da ya san za su yi. Yana kan 'yan majalisa na fara jin ɗumi-ɗumi, kamar an ajiye mini kofin shayi a cinya. Kafin ya sauko kan ciyaman, ɗumi ya zama wuta. Zufa ta jiƙa ni, matsattsen wandon nan ya matse ruwan attarugu ya kai shi duk inda bai kamata ya je ba. Na karkata hagu, na ji wasu sun sake fashewa. Na karkata dama, haka.

Zufa ta fara shiga idona. Sai na sa hannu a aljihu, na zaro hankici, na share fuska da kyau, har da ido.

Jama'a, attarugun Mama Saratu ba a banza ya yi suna ba. Na ga taurari da rana tsaka. Hawaye da majina suka ɓalle tare. Baba ya ɗan tsaya jan numfashi, sai na ce da ƙarfi, "Amin!" ko zai gane a rufe. Ina! Baba ya ji an samu mai ƙarfafa shi, sai ya ƙara mai. Ya shiga kansiloli. Na ce, "Amin, Ubangiji!" Ya shiga ma'aikatan masaƙa da manoman gida. Na ce, "Amin! Ka ji ƙanmu!" murya na rawa, ina shessheƙa, ƙafafuna na buga ƙasa. Kawu ya zungure ni da ƙafa. Na ji Mama ta ce a hankali, "Allah sarki, yaro mai tsoron Allah." Baba kuwa har muryarsa ta karye: "Ya Uba, dubi bawanka da ke kuka a gabanka, abin da ke ƙona shi a ɓoye kai ka sani." Na ce a raina, wannan kam gaskiya ne.

Da ƙyar aka kai Amin ta gaske. Baba ya buɗe ido ya ga fuskata jage-jage, ya girgiza kai.

"Iliya, na daɗe ina addu'a a gidan nan, ban taɓa ganin wanda ta shige shi haka ba. Game da maganar Rifkatu kuwa, ni dai na..."

Kalma ɗaya ta rage. Kalma ɗaya tak! Amma jiki ba ya jin lallashi. Ban san lokacin da na yi tsalle na miƙe ba, ina ihu, "Wayyo Allah, ruwa! Ruwa!" ina kakkaɓe wando da hannu biyu. Aljihuna suka amayar da abin da ke ciki. Attarugu ya watsu a falo, wasu a murƙushe, wasu suna gangarawa a siminti. Guda ya mirgina a hankali ya tsaya daidai ƙafar Mama.

Ta ɗauka. Ta juya shi. Ta sansana.

"Wannan ɗana ne," ta ce. "Kuma bai gama nuna ba."

Ta tashi ta fita. Falo ya yi tsit, sai ni da ke rawa. Can sai muka ji daga bayan gida: "Wayyo ni Saratu! Baban Rifkatu! Zo ka ga abin da aka yi mini!"

Ni dai ban bi su ba, neman raina nake. Na yi tsakar gida na tsoma kai a duro, sumar nan da nake taƙama da ita ta kwanta kamar jiƙaƙƙiyar kaza. Ƙasa kuma ba ta daina ci ba. Na hango bahon wanki cike da ruwa, na faɗa ciki na zauna, da wando da takalmi da komai. A haka maƙwabta suka same ni, don ihun Mama ya tara layin gaba ɗaya. Ka ga mai neman aure zaune a baho a tsakar gidan surukai, gwiwoyi a sama, ido jawur, mata sun kewaye shi kowace da nata magani. Wannan ta ce manja, waccan ta ce toka, wata ta ce a shafa masa sukari. Rifkatu ta miƙo mini kwalbar manja ta juya baya, kafaɗunta na rawa, ban san kuka take ko dariya ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ni da bahon mun shige.

Da wuta ta ɗan lafa aka kira ni gindin mangwaro, ina ɗigar ruwa. Baba yana ta cizon leɓe yana gyaran murya.

"To," ya ce, "yanzu mulkin farar hula ake. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, a bi masu rinjaye."

Mama ta ce, "Farar hula a waje. A lambuna soja bai sauka ba."

Aka fashe da dariya, amma ita ba ta yi ba. Sai a lokacin na ga idonta ya cika. Ta ce, "Irin uwata ne. Na bara na rabar wa mata, na bana nake jira ya nuna in ɗiba. Uwata ta rasu, gidan ma ya zama kufai. In waɗannan suka mutu, ina zan samo shi?"

Nan dariya ta tsaya. Ni ma zafin da ke cinyata ya koma ƙirjina. Na durƙusa na ce, "Mama, ku yafe mini. Kun ce na ƙasa kawai, ni na ƙi ji."

Ta share ido da bakin zane. "Na yafe. Amma ga maganata. In suka mutu, maganar aure ta mutu. In suka tofo suka yi fure, ku dawo."

Baba ya buɗe hannu ya ce, "Kun ji dokar soja."

Na ɗauka an gama, ashe Kawu Iliya yana da nasa. Ya zare almakashin daga aljihuna ya miƙa wa Mama. "Mama, ga almakashi, ga kai."

Ta ce, "A'a, ni ba na taɓa kan ɗan mutane."

Ya ce, "Ni ɗana ne." Ya kifa turmi ya zaunar da ni. Mutumin da tunda yake bai taɓa riƙe abin da ya fi sitiyari laushi ba, shi ya hau sumata, nan rami can tudu, yana yi yana ja da baya yana rufe ido ɗaya yana kwaikwayona, mata na guɗa. Na ce, "Kawu, a hankali mana!" Ya ce, "Ashe wanzami ba ya son jarfa? Zauna, sai ku tofo tare." Da na koma shago ba abin da za a iya ceta, na sa reza na ƙarasa.

Daga ranar kullum da safe kafin in buɗe shago sai na hau bas daga Nasarawa zuwa Unguwar Boro, da hula a kai. A bakin ƙofa Rifkatu ke caje ni, ta karɓe almakashi da mataji. Aikina in kawo kashin kaji, in cire ciyawa da hannu, in kori awaki. Taɓa attarugu kuwa haram. Kwanaki suka yi ta wucewa, sanduna suna tsaye ba su ce komai ba, bakin wasu ma ya fara baƙi. Mama takan shigo ta duba ta fita. A lokacin ne na koyi addu'a ta gaske, wadda ba a ihu.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na ga wani ɗan kore kamar ƙwayar gero a gaɓar sandar farko. Washegari ya zama biyu. Kafin wani lokaci duk layin ya ɗauka, toho ta ko'ina, kowane gindi ya cika ya yi dumu-dumu. Ni ma kaina ya fara baƙi. 'Yan shago suna tambayata, "Oga, wa ke gaba, kai ko barkono?" Amma ganye ba fure ba ne, kuma Mama fure ta ce.

Ranar da na gan shi, ɗan fari ƙarami a ɓoye ƙarƙashin ganye, ban yarda da idona ba sai da na kira Rifkatu ta gani, ita ta kira Mama. Mama ta zo da muciya a hannu, ta durƙusa, ta ɗaga ganyen da ɗan yatsa. Ta daɗe tana kallo. Ta bi layin ɗaya bayan ɗaya, ta sami wani, ta sami wani. Ni ina tsaye na riƙe hula. Ta miƙe, ko dubana ba ta yi ba, ta ɗaga murya:

"Baban Rifkatu! Ka aika wa Iliya ya zo a sa rana."

Sa'an nan ta juyo. "Kai kuma, ka karya kuwa? Wuce ciki akwai kunu."

Shekarar attarugun ya makara, amma da ya tashi bayarwa sai da rassa suka sunkuya, da shi aka yi miyar bikinmu, Mama ta ɗebi irinta ta ƙulle. Na taɓa gwada cewa ai askin da na yi ne ya sa suka yi yawa haka. Kallo ɗaya ta yi mini, ban sake ba.

Yanzu irin yana bayan gidanmu a Kamazou, makullin lambun yana hannun Rifkatu. Mama ta tsufa, ido ya yi rauni, amma duk farkon damina sai ta aiko a kira ni in rage wa nata na ƙasa. Takan zauna a kujera kusa da ni da muciya a cinya, ta kasa kunne. Da ta ji ƙyas ya fara yi mata yawa sai ta buga muciyar a ƙasa: "Ya isa!" Ni kuma in ce, "To, Mama," in mayar da almakashi aljihu.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya zo koyon aski wurina. Yanka kowa ya iya, gwani shi ne wanda ya san lokacin ajiye almakashi. In kuwa hannu ya riga ya zarce, ka je ka faɗa da bakinka tun da wuri. Kada ka zuba ɓarnarka a aljihun baya ka zauna a kai, musamman in surukinka mai doguwar addu'a ne.